Harshen Damo a Tambayoyin Lissafi na Jarrabawa: Sharhi a kan Tambayar Da'ira ta Shekarar 1982



1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshe sun daɗe da sanin abin nan da muke kira harshen damo, watau kalma ko jimla ta ɗauki ma'ana fiye da ɗaya, har mai sauraro ya rasa wadda ake nufi. A fagen adabi wannan abu ado ne, domin mai habaici da shi yake cin abinci, maroƙi kuma da shi yake tsira idan zambonsa ya ja masa magana. Amma akwai fagen da harshen damo yake zama ɓarna tsantsa, shi ne fagen jarrabawa, musamman jarrabawar lissafi ta bai-ɗaya wadda dubban ɗalibai suke zaunawa rana guda, a kuma ba su maki bisa amsa ɗaya tak wadda aka riga aka tsayar.

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan tambayoyin lissafin nan da ake saƙawa cikin ɗan labari ko bayani. Za mu ɗauki tambayar jarrabawa kamar yadda mai tarke yake ɗaukar waƙa ko ƙagaggen labari, mu feɗe kalamanta, mu ga abin da ta faɗa da abin da ta bari a zuci. Abin da nake so in tabbatar shi ne, sau da yawa idan ɗalibi ya faɗi irin wannan tambaya, ba a iya sanin ko lissafin ne ya kayar da shi ko kuwa kalaman mai tambaya. Jarrabawar da ta kasa bambanta waɗannan abubuwa biyu kuwa, makinta ba abin dogaro ba ne, alhali da shi ake yanke wanda zai shiga jami'a da wanda zai koma gida. Za mu tsaya sosai a kan tambaya guda wadda ta yi suna a Amurka, sa'an nan mu kwatanta ta da waɗansu, daga ƙarshe mu duba abin da harshen Hausa zai iya taimakawa da shi.

2.0 Tambayar Da'ira

2.1 Yadda tambayar take

A watan Mayu na shekarar 1982 ɗalibai wajen 300,000 suka zauna jarrabawar nan ta Amurka da ake kira SAT, wadda jami'o'in ƙasar suka dogara da ita ƙwarai a wancan lokaci wajen ɗaukar sababbin ɗalibai. Hukumar College Board ce mai jarrabawar, tun shekarar 1926 ake yin ta, ma'aikatar ETS ta garin Princeton kuma ita ce ta tsara tambayoyin. A cikin takardar lissafi an zana da'ira biyu, ƙarama da babba, ƙaramar tana manne da bakin babbar ta waje. Aka ce tazarar da ke tsakanin cibiyar ƙaramar da bakinta sulusi ce ta irin wannan tazara a babbar. Sai ƙaramar ta riƙa mirginawa a kan bakin babbar. Tambayar ita ce: bayan juyi nawa na ƙaramar cibiyarta za ta fara komawa wurin da ta tashi? Kalmar Turancin da na fassara da juyi a nan ita ce "revolution", kuma za mu komo kanta. An ba da amsoshi biyar a zaɓi ɗaya: 3/2, da 3, da 6, da 9/2, da 9.

Tunanin mai tambaya a fili yake. Tsawon bakin babbar da'ira ya kai na ƙaramar sau uku, saboda haka ƙaramar za ta juya sau uku kafin ta gama tafiyar. Amsarsa 3 ce. Daga cikin waɗannan ɗalibai masu ɗimbin yawa, uku ne kacal suka rubuta wa hukumar suka ce amsar gaskiya 4 ce, kuma ba ta cikin zaɓin da aka bayar. Hukumar ta duba, ta amince da maganarsu, ta soke tambayar, aka sake lissafa makin dukan waɗanda suka zauna jarrabawar.

2.2 Daga ina juyi na huɗu ya fito?

Duk wanda yake shakka yana iya gwadawa da marfin kwalba guda biyu masu girma ɗaya. A ajiye ɗaya a kan tebur a danne shi da yatsa, a mirgina ɗayan a jikinsa ba tare da ya zame ba. Bisa tunanin mai tambaya juyi ɗaya ya kamata a gani, tun da bakinsu tsawo ɗaya ne. Amma kafin marfin ya wuce rabin hanya, za a ga rubutun da ke kansa ya riga ya miƙe tsaye kamar yadda ya fara, idan ya ƙarasa kuma ya yi juyi biyu ke nan.

Dalili kuwa shi ne, hanyar da ake bi ita kanta lanƙwasasshiya ce. Da za a kwance bakin babbar da'ira a miƙe shi kamar zare a ƙasa, lalle ƙaramar sau uku za ta juya daga wannan kai zuwa wancan. To amma da yake zaren a naɗe yake, bin sa kaɗai yana ƙara juyi guda. Ana iya ganin haka ta wata fuskar. Idan tazarar cibiyar ƙaramar zuwa bakinta taƙi 1 ce, ta babbar taƙi 3, to cibiyar ƙaramar tana tafiya ne a kan wata da'ira wadda ba a zana ba, mai taƙi 4 daga tsakiya, watau 3 a tara da 1. Tafiyar cibiya ita ce ma'aunin juyin abin da ke mirginawa, don haka juyin huɗu ne.

Wannan ba wasan yara ba ne kawai, masana taurari da shi suke aiki. Duniya tana kewaya rana a cikin kwana 365 da 'yan sa'o'i, amma idan aka auna juyinta da taurari masu nisa, sau 366 da ɗoriya take juyawa a shekara. Shi ya sa juyi ɗaya na duniya, a ma'aunin taurari, yake ɗaukar kimanin sa'a 23 da minti 56, ya gaza cikakken kwana da wajen minti huɗu.

2.3 Ina laifin yake?

Yawancin masu ba da labarin wannan tambaya sukan ce ma'aikatan ETS sun yi kuskuren lissafi, su tsaya a nan. A ganina wannan hukunci bai kai ga gindin maganar ba. Idan muka natsu za mu ga tambayar tana karɓar amsa uku, kowace kuma da hujjarta.

Ta farko, a Turancin makanikai da injiniyoyi kalmar "revolution" tana nufin juyin abu a kan cibiyarsa, kamar yadda ake ƙirga juyin injin mota a minti ɗaya. Wanda yake kallon zanen daga sama, yadda ɗalibi yake kallon takardarsa, juyi 4 zai ƙirga.

Ta biyu, a ce wani mutum yana tsaye a tsakiyar babbar da'ira, yana juya fuskarsa yana bin ƙaramar duk inda ta nufa. Idan aka ɗiga tawada a bakin ƙaramar, daidai inda ta taɓa babbar tun farko, wannan mutum zai ga ɗigon ya sake taɓa babbar sau uku kafin a gama. A wurinsa juyi 3 ne, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ta uku, a Turancin masana taurari kalmar tana nufin kewaya wani abu, kamar yadda duniya take kewaya rana, juyi a kan cibiya kuwa wata kalma daban suke kiransa da ita. Wanda ya ɗauki wannan ma'ana zai ce amsa 1 ce, domin sau ɗaya ƙaramar ta kewaya babbar.

Ashe ke nan abu biyu mai tambaya ya bari a cikinsa bai faɗa ba: mene ne ake ƙirgawa, kuma wane ne yake kallo. Lissafinsa na uku daidai ne ga mai kallo guda, sai dai shi bai san cewa ya zaɓi mai kallo ba. Wannan shi ne mafi munin nau'in harshen damo, domin wanda ya furta shi bai ji shi ba. Mai habaici ya san harshensa biyu ne. Mai tsara jarrabawa kuwa ya riga ya san amsarsa kafin ya rubuta tambayar, sai amsar ta tsare masa ido, duk karatun da zai yi wa jimlarsa ba zai ga wata hanya ba sai wadda ta kai shi gida.

2.4 Me ya hana a gane tun da wuri?

Za a iya tambaya, ma'aikata mai ƙwararru irin wannan, yaya aka yi abin ya wuce ta? A irin waɗannan jarrabawa akan gwada sabuwar tambaya a kan ɗalibai kafin a fara ba ta maki, a duba ko waɗanda suka fi ƙoƙari a sauran takardar su ne suka fi zaɓar amsar da ake so. Wannan gwaji yana kama tambayar da ta rikita haziƙai. Amma idan mai tambaya da haziƙan ɗalibai duk littafi ɗaya suka karanta, hanya ɗaya kuma aka koya musu, to za su taru a kan fahimta ɗaya, alƙaluman gwaji su fito lafiya lau. Bugu da ƙari, tsarin zaɓi yana toshe bakin ɗalibi. Wanda ya sami 4 ya duba bai gan ta ba, ga lokaci yana tafiya, sai ya zargi kansa ya ɗauki 3. Takardar amsa ba ta da gurbin da zai rubuta cewa tambayar ce take da matsala.

Ba wannan ne karo na farko ba. A jarrabawar share fage ta PSAT ta shekarar 1980 an kawo dala biyu waɗanda gefunansu duk tsawo ɗaya ne, ɗaya mai fuska 4, ɗaya mai fuska 5, aka ce idan an manna su ta fuska mai kusurwa uku, fuska nawa za ta rage a waje? Mai tambaya ya tara 4 da 5, ya ɗebe biyun da suka ɓuya, ya sami 7. Wani ɗalibi ɗan shekara 17 daga Jihar Florida ya nuna cewa idan aka manna su da gaske, waɗansu fuskokin suna haɗewa biyu-biyu su zama shimfiɗa ɗaya, sai a sami 5. Aka ƙara wa ɗalibai wajen 240,000 maki. A nan ma kalma ce ta kawo saɓanin: fuska tana nufin ɓangaren da kowace dala ta zo da shi ne, ko kuwa shimfiɗar da ido yake gani bayan an haɗa? Ya kamata a lura cewa a daidai wannan zamani ne aka fara sakin takardun tambayoyi ga jama'a, bayan da Jihar Niyok ta kafa doka a shekarar 1979 wadda ta tilasta wa hukumomin jarrabawar shiga jami'a su bayyana tambayoyinsu da amsoshinsu.

3.0 Waɗansu Ire-iren Matsalar

3.1 Jimlar kwatance

Bayan harshen damo na kalma guda, akwai na ginin jimla, kuma ba inda ya fi yawa kamar wurin kwatanta adadi biyu. A shekarar 1983 Tom Hudson ya buga sakamakon wani bincike da ya yi da ƙananan yara a Amurka. Ya nuna musu hoton tsuntsaye da tsutsotsi, tsuntsayen sun fi yawa. Da ya tambaye su da nawa tsuntsaye suka fi tsutsotsi, kashi 25 cikin ɗari na 'yan ajin share fagen firamare ne suka amsa daidai, 'yan aji ɗaya kuma kashi 64. Da ya sāke lafazin ya ce kowane tsuntsu ya ruga ya ɗauki tsutsa ɗaya, tsuntsaye nawa za su rasa, sai kashi 96 na 'yan share fage suka ci, 'yan aji ɗaya kuwa dukansu. Lissafin ɗaya ne, yaran su ne dai ba a sake su ba. Da tambayar farko kaɗai aka yi musu jarrabawa, da an rubuta cewa ba su iya ɗebewa ba.

Manya ma ba su tsira ba. A Turanci idan aka ce wani abu ya fi wani "three times more", waɗansu suna jin sau uku, waɗansu suna jin asalin da ƙarin sau uku, watau sau huɗu. Haka kuma idan kuɗin ruwa ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari zuwa kashi 15, wani zai ce ya ƙaru da kashi 5, wani ya ce da kashi 50, tun da biyar rabin goma ce. Mai tsara tambaya da ya yi amfani da irin wannan lafazi ba tare da ya fayyace ba, kacici-kacici ya yi wa ɗalibai.

3.2 Abin da ba a faɗa ba

Nau'i na uku ya fi waɗannan ɓuya, domin ba a cikin kalmomi yake ba. Kowace tambaya mai labari tana buƙatar ɗalibi ya shigo da wani abu na sanin duniya, ya kuma bar wani abu a ƙofa, amma ba a gaya masa iyakar. A wani awon ilmi na ƙasa baki ɗaya da ake kira NAEP, wanda aka buga sakamakonsa a Amurka a shekarar 1983, an tambayi yara 'yan shekara 13 cewa motar soja tana ɗaukar mutum 36, za a kai sojoji 1,128 filin horo, mota nawa ake buƙata? Kimanin kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai. Amma kashi 29 na yaran sun rubuta 31 saura 12, kashi 18 sun rubuta 31, kashi 23 ne kawai suka ce 32. An yi ta kafa hujja da wannan sakamako cewa yara suna lissafi ba tare da hankali ba, tun da babu mota mai suna saura 12.

To amma mu dubi ɗaya gefen. A Ingila, a jarrabawar ƙasa ta farkon shekarun 1990, an kawo tambayar na'urar hawa bene wadda take ɗaukar mutum 14, mutum 269 suna son hawa, sau nawa za ta tashi? Amsar da ake so 20 ce. Barry Cooper da Máiréad Dunne, a littafinsu na shekarar 2000 a kan auna ilmin lissafin yara, sun nuna cewa sai yaro ya tuna na'ura ba ta yin gutsuren tafiya, amma ya mance cewa a zahiri ba kullum take cika ba, waɗansu kuma za su gaji da jira su bi matakala. Sun kuma gano cewa 'ya'yan leburori sun fi 'ya'yan manyan ma'aikata faɗawa cikin wannan rami na shigo da rayuwar yau da kullum fiye da yadda mai tambaya yake so. Idan muka kawo misalin kusa, a ce mota mai cin mutum 18 da fasinja 100 a tasha, yaron da ya girma a bakin tasha ya san ba a taɓa tayar da mota ta shida saboda mutum goma, matsawa ake yi a cusa su. Saninsa gaskiya ne, amma da shi zai faɗi.

Yara da kansu sukan gane cewa wannan wasa yana da ƙa'idojin da ba a rubuta ba, sai su daina tunani su riƙa bin lambobi. A shekarar 1980 masu binciken koyar da lissafi a garin Grenoble na Faransa sun ce wa 'yan firamare akwai tumaki 26 da awaki 10 a cikin jirgin ruwa, shekarun matuƙin nawa? Daga cikin yara 97, guda 76 sun haɗa lambobin sun ba da amsa. Makaranta ce ta koya musu cewa kowace tambaya tana da amsa, kuma kowace lamba da aka gani sai an yi aiki da ita.

4.0 Hujjar Masu Kare Tambayoyin

Akwai malaman lissafi da za su ce lissafi yana da nasa harshe, koyon wannan harshe kuma yana cikin koyon fannin, saboda haka wanda ya kasa fahimtar lafazin tambaya ya cancanci ya rasa maki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ya wajaba mu ba ta haƙƙinta. A farkon shekarun 1980 John Clement na Jami'ar Massachusetts ya ba ɗaliban injiniya 150 'yan shekarar farko wata tambaya: a wata jami'a yawan ɗalibai ya kai yawan malamai sau shida, a rubuta wannan da haruffa. Idan muka sa D a madadin yawan ɗalibai, M a madadin yawan malamai, amsa ita ce D = 6M. Kashi 37 cikin ɗari sun faɗi, akasarinsu kuma 6D = M suka rubuta, watau sun bi jerin kalmomin jimlar, ko sun ɗauki harafin a matsayin sunan mutum maimakon adadi. Wannan tambaya tana da wuya, amma ba ta da harshen damo. Ma'anarta ɗaya ce, an fayyace abin da haruffan suke wakilta, wanda ya faɗi kuwa akwai abin da bai ƙware a kai ba na aljabara.

A nan bambancin yake. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne: idan mutum biyu waɗanda suka san fannin, suka kuma san harshen, za su karanta tambaya su fito da amsa biyu, kowa da hujjar da ba a iya rushewa, to laifin na tambayar ne. Tambayar Clement ta tsallake wannan ma'auni, tambayar da'ira da ta dala sun faɗi. Wahalar da ta fito daga lissafi halal ce a jarrabawa, wadda ta fito daga sakacin alƙalami kuwa zalunci ce.

5.0 Fassara a Matsayin Ma'auni

Abin da ya sa wannan batu ya shafe mu shi ne, ɗalibanmu suna zaman jarrabawar lissafi ta WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta JAMB, wadda aka kafa a 1978, da harshen da ba shi suka tashi da shi ba. Idan ɗan Amurka yana tuntuɓe da Turancin tambaya, ina ga yaron da Turanci harshe na biyu ne ko na uku a wurinsa? Lawal Adetula ya buga wani bincike a shekarar 1990 wanda ya nuna 'yan firamare a Nijeriya sun fi warware tambayoyi masu labari idan aka gabatar musu da harshensu na gida.

Sai dai abin da nake so in jawo hankalin mahalarta a kai ya wuce wannan. Fassara tana iya zama rariyar tace tambaya tun kafin a buga ta, ko da da Turanci za a yi jarrabawar. Dalili kuwa, kowane harshe yana da wuraren da yake tilasta wa mai magana ya zaɓa. Wanda aka ba tambayar da'ira ya mayar Hausa, dole ya tsaya ya ce: juyawa ake nufi ko kewayawa? Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe su duka, saboda haka da an yi wannan tambaya, da rabin matsalar ya fito fili. Idan Turanci ya ce a raba 30 "by half", mai fassara sai ya zaɓa tsakanin a raba talatin biyu, wanda ya ba da 15, da rabi nawa ke cikin talatin, wanda ya ba da 60. Idan aka ce daga Litinin zuwa Juma'a "days" nawa, Bahaushe zai tambaya kwana ko yini, domin kwana huɗu ne, yini biyar. Haka nan a kasuwa babu mai rikita lemo uku naira goma da lemo uku naira goma-goma, maimaita lambar ya raba gardama.

Kada kuma mu ɗauka Hausa ta kuɓuta. Tana da nata damon. Idan aka ce kuɗin Audu ya ninka na Bala sau biyu, wani zai ji biyunsa, wani kuma zai ce ninkawa ɗaya ita ke ba da biyu, ninkawa ta biyu ta ba da huɗu, kamar yadda ake ninke zane. Idan aka ce an sayar da kashi uku na gona, ba a sani ba ko uku cikin huɗu ne, ko uku cikin ɗari, ko ma sulusi mai maganar yake nufi. Masu rubuta littattafan lissafi da Hausa da masu tsara kalmomin fannu ya kamata su tsayar da lafazi guda ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan, alal misali a riƙa cewa ya kai na Bala sau biyu, kuma kada a taɓa sakin kalmar kashi ba tare da an faɗi cikin nawa ba. Amfanin harshe biyu shi ne, inda wannan yake da duhu sau da yawa wancan yana da haske.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa harshen damo a tambayar lissafi yana iya ɓuya a kalma guda, ko a ginin jimla, ko a cikin abin da mai tambaya ya ɗauka kowa ya sani. Mun kuma ga cewa gwajin alƙaluma ba ya kama shi matuƙar mai tambaya da haziƙan ɗalibai tunaninsu ɗaya. Saboda haka ina ba da waɗannan shawarwari:

(a) Kafin a buga tambaya mai labari, a ba mutum biyu su fassara ta zuwa Hausa ko wani harshen gida, kowa shi kaɗai, ba tare da an gaya musu amsar ba. Idan fassararsu ta saɓa, a gyara asalin.

(b) A sa waɗansu ɗalibai su maimaita tambayar da bakinsu, a saurari abin da suka fahimta, domin amsa kaɗai ba ta nuna hanyar da aka bi.

(c) Hukumomin jarrabawa su riƙa bayyana amsoshin da suka yi maki da su, su kuma buɗe ƙofar ƙorafi. Kurakuran 1980 da 1982 ɗalibai ne suka gano su.

(d) Malamai su koya wa ɗalibi ya faɗi tambaya da kalmominsa, ya zana ta, ya gwada ta da ƙananan lambobi ko da abin da ke hannunsa. Idan ya ga ma'ana biyu a takardar da ake rubuta aiki, ya rubuta wadda ya ɗauka a saman aikinsa. A takardar zaɓi kuwa ya ɗauki ma'anar da littafin aji ya saba da ita, ya kai ƙorafinsa daga baya.

Mun saba idan sakamakon lissafi ya fito da muni mu ɗora laifin a kan ɗalibai da malamansu. Hausawa kuwa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya kamata masana harshe su zauna tare da masana lissafi a teburin tsara tambayoyi, domin kafin yaro ya kai ga lambobi, jimla yake fara karantawa.